Yadda Aka Koyi Yaƙi da Ƙanƙara a Fukafukan Ƙananan Jirage

A ƙasashen sanyi, gajimaren hunturu yakan ɗauki ɗigon ruwan da sanyinsa ya sauka ƙasa da ma'aunin sifili amma bai daskare ba. Da zarar jirgi ya ratsa shi, sai ɗigon ya daskare a goshin fiffike, da wutsiya, da farfela. Nauyin ƙanƙarar ba shi ne babbar illa ba. Siffar fiffiken take ɓatawa, iska ta kasa bin bayansa yadda ya kamata, jirgin ya rasa abin da ke riƙe shi. Ƙaramin jirgi ya fi shiga wannan hatsari domin a cikin irin wannan gajimare yake tafiya, kuma lokacin sauka, da matuƙi ya rage gudu, shi ne lokacin da ƙasa ta yi kusa, babu sararin gyara kuskure.

Matuƙan da ke jigilar wasiƙu a Amurka cikin shekarun 1920 suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana wannan masifa. A farkon shekarun 1930 kamfanin B.F. Goodrich ya fito da robar da ake liƙawa a goshin fiffike, a hura mata iska ta kumbura, ƙanƙarar ta tsage ta zube. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Ingila aka ƙirƙiro tsarin TKS, mai tsiyayo ruwan hana daskarewa a kan fiffike. A 1944 kuma hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, NACA, ta buɗe ɗakin gwajin ƙanƙara a Cleveland.

An daɗe ana ganin robar ta isa. Ranar 31 ga Oktoban 1994, jirgi ƙirar ATR 72 yana shawagi yana jiran izinin sauka a Chicago, manyan ɗigo suka gangara bayan robar suka daskare inda ba ta kaiwa. Jirgin ya kife ya faɗi kusa da Roselawn a jihar Indiana, mutum 68 suka mutu. A Janairun 1997 wani Embraer 120 ya faɗi yana dab da Detroit, da mutum 29. Matuƙansa ba su kunna robar ba, domin koyarwar zamanin ita ce a jira ƙanƙara ta yi kauri tukuna. Bayan haka aka sauya umarni: a kunna ta da ganin alamar farko. Dokar gwada sababbin jirage a cikin manyan ɗigon sai a 2014 ta fito, shekara ashirin bayan Roselawn, jinkirin da ke da wuyar karewa.

Har yau yawancin jirage masu inji ɗaya ba su da ko ɗaya daga waɗannan na'urori, kuma takardunsu sun hana su shiga gajimaren da aka san yana ɗauke da ƙanƙara.