Faifan CD: Ina Kuɗinka Ke Tafiya?

A watan Oktoban 1982 ne kamfanin Sony ya fara sayar da na'urar kunna faifan CD a Japan, samfurin CDP-101, a kan yen 168,000. Abin da ke cikin faifan lambobi ne zalla, waɗanda hasken leza ke karantawa. To amma kunne ba ya jin lamba, sai an mayar da ita sauti. A nan Philips, abokin aikin Sony, ya bi tasa hanyar, sashensa mai juya lambobin na bit 14 ne maimakon 16, ya cike giɓin da dabarar lissafi. In za ka sayi mai tsada yau, wannan sashen za ka fara tambaya, domin lezar ta mai araha ma tana karanta lambobin daidai.