Kurmin Mashi: Ta Wace Ƙofa Kowa Ya Shigo?



Idan aka tare ɗayanmu a bakin titin Baifas aka tambaye shi me ya sa yake bin abin da yake bi, amsar ba ta wuce "a ciki na tashi". Gaskiya ne, shiriya ta Allah ce. Amma Allah kan sanya wa abu sababi, kuma a garin nan sababan ba su yi tsufan da za a manta da su ba. In muka koma baya kaka biyu kacal, da yawanmu za mu tarar da wani a gidanmu da ya sauya hanya.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Zazzau ko Kano. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, a ƙasar da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, suke noma da farauta, suna kan addinin kakanninsu. Sunan unguwarmu ma shaida ne, don kurmi ai daji ne mai duhuwa. Jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suka kwaso mutane, daga baya masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta ƙaro wasu. Ku duba sunayen tsofaffin unguwanni: Tudun Nupawa, Unguwar Kanawa, Kurmin Gwari. Da asalin mutum ake kiran wuri a lokacin, addininsa bai shigo cikin sunan ba.

Baƙo a sabon gari yana neman wanda zai riƙe shi. Saurayin da ya baro ƙauye ya sauka gidan wani mai gida, ya ci tuwonsa, ya koyi sana'arsa, sau da yawa yakan bi shi masallaci. Wani kuma makarantar mishan ce ta ba shi karatu da aiki, ya fito da sunan baftisma. Kada ma mu ɗauka wannan ya tsaya kan wasu ƙabilu. Dakta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma daga cikin Hausawa da Fulanin da suka bi shi aka samu gidajen da suka haifi Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu.

Sai zamanin Sardauna. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna, daga 1963 zuwa 1965 kuma Sir Ahmadu Bello ya riƙa fita rangadin musuluntarwa da kansa, har ƙasar Gwari da yankunan Maguzawa. Jama'a na karɓar kalmar shahada a taro, ana raba tufafi da carbi. Bayan kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, wasu suka dore har jikokinsu suka zama malamai, wasu suka koma gidan jiya, wasu coci ta ɗauke su. A ganinmu abin da ya bambanta su shi ne wa ya zauna ya karantar da su bayan motoci sun tafi.

Amma ƙofar da ta fi taɓa gidajenmu ita ce rediyo, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa, yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna na kai muryarsa ko'ina. Kafin wannan, wanda ke son ilimi sai ya je zauren malami ya durƙusa, malamin unguwa kuwa galibi ɗan ɗarika ne, Tijjaniyya ko Ƙadiriyya. Yanzu ga malami a cikin akwati, yana magana da makaniki a Fanteka da matar aure a tsakar gida, da Hausar da kowa ke ji, yana cewa a nemi hujja. A 1978 Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos, tarjamar Alƙur'ani ta Gumi ta shiga hannun mutane, malaman ɗarika irin su Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi su ma suka hau rediyo da nasu tafsirin a azumi. Kaset ya ƙarasa aikin. Juyin juya halin Iran na 1979 kuma ya ja wasu ɗaliban jami'a zuwa tafiyar Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya.

Manyanmu sun san kuɗin da aka biya. An yi ɗan da ya daina bin mahaifinsa salla, an yi auren da ya mutu, an yi layi ɗaya da masallatai biyu suna kallon juna. Abin dariyar shi ne, jikan wancan saurayi da ya yi wa babansa tawaye a 1980, yau in ka tambaye shi sai ya ce shi ma gado ya yi.

Mu da muke cikin shekaru ashirin da wani abu, a bakin wata ƙofar aka haife mu. Bayan Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992, rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna ranar 21 ga Fabrairu 2000, ya sake tashi a watan Mayu, sannan na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002. Aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa. Wanda ya tsira ya sayar da gida da araha ko ya yi musaya, Kiristoci suka gangara Sabon Tasha da Television da Narayi, Musulmi suka hauro Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Har aka riƙa kiran wannan gefen kogi Makka, wancan Jerusalem. Iyayenmu a Kurmin Mashi na iya lissafa maƙwabtan da suka ci naman Salla da shinkafar Kirsimeti tare, su nuna maka ɗakin da kowa ya zauna. Mu sai dai mu ji suna.

Akwai waɗanda wutar ta sauya ta wata fuska. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Suka haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tare, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, kowa a littafinsa ya samo dalilin ajiye makami. Wata uku bayan sa hannun aka sake faɗa, wannan ma dole a faɗe shi.

Yau rediyon ya koma cikin waya, kuma ba malamai kaɗai ke magana a ciki ba. A Kaduna aka kama Mubarak Bala a Afrilun 2020, mutumin da ya fito fili ya ce ya bar addini, wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 kan kalaman ɓatanci, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Ba mu tare da maganganunsa. Sai dai kowa a cikinmu ya san wani da ke ɗauke da tambayoyi yana tsoron furtawa, don ya ga yadda ake amsa tambaya da zagi. Wanda bai samu amsa a zaure ba, zai nema a intanet da tsakar dare.

Da yawanmu sai da muka shiga kwalejin kimiyya da fasaha muka fara zama benci ɗaya da Kirista, muka ari littafin juna, muka ci abinci a kwano ɗaya. Ana tashi daga lacca kuma kowa ya nufi tashar motarsa, masu tsallaka gada suna sauri kada magariba ta same su a wannan gefen.