Tarihin Fataucin Ƙaro daga Dajin Sahel zuwa Kasuwannin Duniya

Ƙaro, wato ruwan da ke tsattsafowa daga jikin ɗakwara ya daskare idan an ɓare mata ɓawo, yana daga cikin mafi daɗewar hajojin da dajin Sahel ya fitar zuwa sauran duniya. Misirawan zamanin Fir'auna sun haɗa tawada da shi, masana ɗibbu na Larabawa sun ba da shi ga mai tari da mai zawo, har wa yau kuma da shi masu harhaɗa magunguna ke ɗaure ƙwaya da daidaita maganin ruwa don kada ya rabu. Duk almajirin da ya taɓa dafa tawada ya san shi sarai, domin in babu ƙaro rubutu ba ya kama allo yadda ya kamata.

Tun daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 19, cibiyar wannan tijara tana bakin kogin Senegal ne, inda zuriyar malamai ta ƙasashen Tararza da Barakna, waɗanda ake kira zawaya, suke tura bayinsu daji su tsinko ƙaro, sa'an nan su kawo shi tashoshin bakin kogi su musanya da shuɗin yadin da Faransawa ke ɗaukowa daga Indiya, alhali sarakunan yaƙi na ƙasar suna karɓar nasu haraji a kan kowane jirgi. Da yake masaƙun Turai ba su iya buga zane a kan yadi sai da ƙaro, Holan da Faransa da Ingila suka daɗe suna gwabzawa a kan wannan gaɓa, har Ingilishi suka ƙwace birnin Sanluwi a 1758, Faransawa suka karɓe shi a 1779.

Daga bisani al'amarin ya koma gabas. Muhammadu Ali Basha na Masar, bayan rundunarsa ta ci Kurdufan a 1821, ya keɓe wa hukumarsa cinikin ƙaro. Amma abin bai bunƙasa sosai ba sai da layin dogo ya isa Al-Ubayyid a 1912, aka kuma kafa kasuwar gwanjo a can a 1922. A 1969 hukumar Sudan ta bai wa kamfani guda ikon fitar da ɗanyen ƙaro shi kaɗai, ba a soke wannan keɓancewa ba sai a 2009.

A duk waɗannan sauye-sauye, wanda bai taɓa samun ta cewa a kan farashi ba shi ne mai tsagar itacen. Idan damina ta ɗauke, ganye ya fara kaɗewa, sai ya shiga daji da ɗan gatarinsa, ya kutsa cikin ƙaya, ya ɓare siririn ɓawo daga reshe ba tare da ya ji wa itacen ciwo mai zurfi ba, ya koma ya jira kamar kwana arba'in kafin ƙaron ya dunƙule kamar ƙwan tattabara; kuma abin da itace ɗaya ke bayarwa a shekara, a galibi, bai wuce rubu'in kilo ba. Ƙasar yashi ce mai ƙarancin rijiya, har mutanen yammacin Kurdufan sukan adana ruwan damina a cikin kogon kuka. Saboda haka kafin ƙaro ya zo hannu, guzuri ya ƙare, sai mutum ya nufi ɗan kasuwar ƙauye ya karɓi gero da sukari da ganyen shayi, bisa sharaɗin zai biya da ƙaro a farashin da aka yanke tun itace bai zubo ba. Wannan mu'amala ita ce Sudaniyawa ke kira shail. A zahiri ta yi kama da cinikin salam da fuƙaha'u suka halatta, sai dai farashin yakan yi ƙasa ƙwarai, har adalcin da shari'a ta nufa ya ɓace. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan kasuwar laifin duka, domin shi kaɗai ne ke kai bashi da ma'auni inda banki bai taɓa takawa ba, shi ma kuma yawanci da kuɗin wani attajirin birni yake juyawa.

Mata ne ke zama su tsince ƙaron da hannu, su ware ɓawo da yashi, kafin a ɗura shi a buhu zuwa Fot Sudan. Riba mafi tsoka kuwa tana ga kamfanonin Faransa, irin su Nexira, masu narkar da shi su mayar da shi gari. Muhimmancinsa ga masu magani da masu lemon kwalba ya kai ga cewa da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ta bar wa ƙaro ƙofa. Cadi da Nijeriya su ne ke biye da Sudan wajen samar da ƙaro, inda fataken Borno da Yobe da Jigawa ke sanya ƙaron ɗakwara a daraja ta ɗaya, na dushe a ta biyu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, hanyoyin Kurdufan da Darfur sun cika da shingayen masu bindiga, kaso mai yawa na ƙaron kuma ya koma fita ta ɓarauniyar hanya zuwa Cadi da Sudan ta Kudu da Masar.