Tiren tangaran na Sèvres: asalinsa da tarihin masu tara shi

Tiren tangaran na Sèvres faffaɗan faranti ne da aka riƙa ƙerawa a masana'antar tangaran ta sarakunan Faransa tun daga tsakiyar ƙarni na 18. A kansa ake jera kayan karin kumallo na mutum ɗaya ko biyu, wato kofi da ɗan farantinsa, butar shayi, mazubin madara da na sukari. Faransawa suna kiran wannan jeri dungurungum da suna déjeuner. A yau ana samunsa a manyan gidajen tarihi da wuraren gwanjon kayan da, kuma yana daga cikin kayan da masu jabu suka fi yi wa ta'adi.

Asali

An kafa masana'antar a Vincennes, gefen birnin Paris, a 1740, da nufin yin gogayya da tangaran ɗin ƙasar Sin da na Meissen a Jamus. A 1756 ta koma garin Sèvres, sannan a 1759 Sarki Louis na 15 ya mallake ta baki ɗaya. Madame de Pompadour, wadda ke da babbar fada a wurin sarkin, tana cikin manyan masu sayen kayanta.

Da farko Faransa ba ta da farin yumɓun nan da ake kira kaolin, wanda da shi ake yin tangaran mai tauri. Saboda haka maƙeran suka haɗa wani kwaɓi mai garin gilashi a ciki, wanda ake kira tangaran mai taushi. Wannan kwaɓi yana da wuyar sha'ani a cikin wuta, musamman ga abu mai faɗi kamar tire, domin yakan lanƙwashe ko ya tsage. Amma yana shan launi fiye da mai tauri, shi ya sa shuɗi mai duhu, da shuɗin sararin samaniya na 1753, da ruwan hoda na 1757 suka yi suna. Sai a 1768 aka gano kaolin a Saint-Yrieix, kusa da Limoges.

Tire ya fi sauran kayan jerin fili, don haka a kansa mai zane yake nuna iyakar gwanintarsa: tsuntsaye, furanni, yara a karkara ko tashar jiragen ruwa, kewaye da adon zinariya.

Yadda ya bar Faransa

Juyin juya halin da ya fara a 1789 shi ne ya watsa waɗannan kaya. An yi gwanjon kayan fadar Versailles a 1793 da 1794, dukiyar masu sarauta da yawa kuma ta faɗa hannun dillalai. Attajiran Ingila ne suka fi cin moriyar lamarin. Sarki George na 4 ya sayi kayan Sèvres masu ɗimbin yawa tun yana yarima, suna nan har yau a taskar masarautar Birtaniya. Iyalan Hertford da Sir Richard Wallace su ma sun tara nasu, wanda aka buɗe wa jama'a a Landan a 1900 da sunan Wallace Collection. Haka nan Baron Ferdinand de Rothschild ya ƙawata gidansa na Waddesdon da irinsu.

A wannan yawo daga hannu zuwa hannu ne jeri da yawa suka rabu. Kofi ya fashe, buta ta tafi wani gida, tire ya saura shi kaɗai. Shi ya sa cikakken jeri na asali ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma wasu dillalai kan harhaɗa kayan da ba tare aka yi su ba, su sayar a matsayin jeri guda.

Matsalar jabu

Alexandre Brongniart, wanda ya shugabanci masana'antar daga 1800 zuwa 1847, ya dakatar da yin tangaran mai taushi, aka kuma sayar da tarin fararen kayan da ba a yi wa ado ba. Dillalai a Paris da Ingila suka saye su, suka sa aka yi musu zane irin na zamanin sarakuna. Wasu ma sukan kankare ɗan adon furanni na asali su maye gurbinsa da mai ƙayatarwa don farashi ya tashi. Jikin tiren na gaske ne, adon kuwa na baya ne.

Tambarin masana'antar shi ne haruffan L guda biyu a sarƙe. Daga wajen 1753 aka fara sa harafin shekara tare da shi, aka koma haruffa bibbiyu daga 1778, mai zane kuma yakan sa tasa alamar. Sai dai tambari shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. Masana sukan duba ko launin ya dace da shekarar, da ko mai zanen yana aiki a lokacin, da kuma ko akwai baƙaƙen ɗigo a jikin tiren, waɗanda kan nuna an sake mayar da shi wuta. Sukan kuma gwada shi da littattafan ciniki na masana'antar, waɗanda ke ajiye a Sèvres har yanzu.