Daga Ɗanyar Madara Zuwa FODMAP: Tarihin Kumburin Ciki Da Abincinmu Na Damargu

Kusan kowane gida akwai mai kukan ciki: ya kumbura, ya murɗa, yau zawo gobe bayan gida ya ƙi fita, an je likita an yi aune-aune ba a ga komai ba. Lokotoro kan rubuta "côlon irritable" a takarda, wato hanji mai saurin jin haushi. Binciken alaƙar wannan ciwo da abinci ya daɗe, kuma ya biyo ta ƙasarmu.

Damargu tun da can rumbun hatsi ce. A Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya iso Tagelel tare da ayarin gishiri, ya tarar da hatsin nan ne ke ciyar da Abzin. Manomi na da hatsi, makiyayi na da nono da cuku, a haɗu a dama hura. Ku lura, abin da ke zuwa kasuwa nono ne mai tsami, ba ɗanyar madara ba. Dalilin farko zafin rana ne, madara ba ta ajiyuwa. Amma akwai wata fa'ida da masana suka gano daga baya.

A 1971 Norman Kretchmer na Amurka da Olikoye Ransome-Kuti na Najeriya da abokan aikinsu suka auna mutane a Najeriya. Suka ga yawancin Fulanin daji cikinsu na narkar da sukarin madara, laktos, har girmansu, alhali yawancin Yarabawa da mazauna biranen Hausa ba sa iyawa. A 1986 Gebhard Flatz da abokansa suka fitar da irin wannan bincike kan Abzinawan Nijar: fiye da 8 cikin 10 na waɗanda aka auna suna narkar da shi lafiya lau. Ga wanda bai gaji wannan ba, sukarin na wucewa babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi, iska ta taru. Tsamin nono na rage wannan sukari, cuku kuma yawancinsa na fita da ruwan da ake tsiyayewa. Kun ga ke nan ƙwarya ɗaya ta madara, wani ƙarfi take ba shi, maƙwabcinsa kuwa kwana zai yi yana juyi.

Bayan farin 1973 da na 1984 cimarmu ta sake kama. Garin madara, burodi da makaroni suka samu gindin zama, har ta kai yau shayi da madara da burodi ne karin kumallon 'yan gari da yawa.

Sai a 2005, a jami'ar Monash ta birnin Melbon a Ostiraliya, Peter Gibson da Sue Shepherd suka tara irin waɗannan sukari masu ruɓa a hanji ƙarƙashin suna ɗaya, FODMAP. Ba madara kaɗai ba ce. Akwai alkama, albasa, tafarnuwa, wake, zuma, mangwaro, kankana. Hatsi, shinkafa, nama, ƙwai da kifi kuwa ba su da matsala ta wannan fanni. Wato tuwon hatsin kakanninmu ya fi burodi sauƙi ga mai wannan ciwo. Iyayenmu mata da ke jiƙa wake su zubar da ruwan kafin dahuwa, su ma wani kashi na wannan sukari suke ragewa.

To amma a nan ne ake tafka kuskure. Tsarin na Monash mataki uku ne. Da farko a rage waɗannan abinci na sati 2 zuwa 6 kawai. Sannan a riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya, ana lura da ciki. A ƙarshe mutum ya rage abin da ya gano shi ke damunsa, ya ci sauran. Ba hani ba ne na har abada, kuma ba ya warkar da ciwon, sauƙi yake kawowa, shi ma ba ga kowa ba.

A ƙasa irin tamu, inda wake da nono su ne naman talaka, wanda ya ji labari a WhatsApp ya yanke su gaba ɗaya, tamowa yake nema wa kansa. Kada a gwada wannan kan yara, masu ciki da masu shayarwa ba da shawarar ma'aikacin lafiya ba. Kuma kafin a ɗora laifi kan albasa, a je CSI a duba tsutsar ciki da sauran cututtuka. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana rama, ko zazzaɓi, ko zawo na tashinsa cikin dare, wannan ba zancen abinci ba ne, likita zai nufa da gaggawa.

Ku faɗa mana a ƙasa, wane abinci ne cikinku ba ya ɗauka? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.