Tsayawar zuciya: yadda daƙiƙa goma ke raba rai da ajali

Idan zuciyar mutum ta tsaya farat ɗaya, a lokuta da dama ba cak ta tsaya ba: lantarkin da ke tsara bugunta ne ya rikice, sai ta koma karkarwa ba tare da tura jini ba. Maganin wannan shi ne na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ke aika mata shokin domin ta koma daidai. Kafin na'urar ta iso, danna ƙirji ne ke riƙe da ran mutum: sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6.

Inda ake yawan tafka asara shi ne lokacin da mai dannawa ya ɗaga hannu, ko don duba jijiya, ko don jiran na'urar ta yi caji. Da zarar an dakata, ƙarfin jinin da ke shiga tsokar zuciya yana faɗuwa nan take, kuma sai an yi dannawa da yawa kafin ya dawo. Zuciyar da ta rasa jini kuwa ba ta cika amsa shokin ba.

A 2006, Dana Edelson ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta sun nazarci marasa lafiya 60. Shokin ya yi aiki kashi 94 cikin ɗari idan dakatawar ba ta wuce daƙiƙa 10 ba, amma ya sauko zuwa kashi 38 idan ta haura daƙiƙa 30. Shi ya sa ƙa'idar yau ta ce a ci gaba da dannawa yayin da na'urar ke caji, a koma kai tsaye bayan shokin.

A Najeriya, matsalar ta wuce ta daƙiƙu. Ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya, ana wasa da Katsina United. Motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi, kuma ya rasu. Christian Eriksen na Denmark, wanda ya faɗi a Kofanhagan ranar 12 ga Yuni 2021, an danna masa ƙirji a filin, aka yi masa shokin sau ɗaya, ya farfaɗo har ya koma taka leda.

Ga mazaunin Unguwar Dosa, abin da aka saba shi ne a yayyafa wa wanda ya faɗi ruwa, a sa shi a Keke Napep zuwa asibitin Kawo ko na Barau Dikko. Ba a iya danna ƙirji yadda ya kamata a cikin keke, don haka tafiyar gaba ɗayanta dakatawa ce, alhali ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu jini. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sai dai wannan kariya daga ƙofar asibiti take farawa.