Bindigar Lantarki a Hannun 'Yan Sanda: Yadda Take Aiki, Haɗarinta da Ƙa'idar Amfani da Ita

A ranar Lahadi 13 ga Fabrairun 2022, 'yan sanda suka buɗe wuta a unguwar Lamashegu da ke nan Tamale, bayan sun biyo wani direba da suka ce ya ƙi tsayawa. Matashi ɗaya ya rasu, wasu da dama suka jikkata, hukumar 'yan sanda kuma ta dakatar da jami'ai shida. Kafin wannan, a watan Yulin 2018, 'yan sanda sun harbe mutum bakwai 'yan zangon Asawase na Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar hakan ba, aka dakatar da jami'ai 21.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, akan ji mutane suna cewa: me zai hana a ba 'yan sanda makamin da ba ya kisa? Ko a Nijeriya, a shekarar 2019 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya yi maganar ba jami'an sintiri bindigogin lantarki don rage harbe-harbe. Shawarar tana da ma'ana, amma kafin mu mara mata baya ya kamata mu san makamin, da abin da ya faru a ƙasashen da suka daɗe suna amfani da shi.

Mece ce bindigar lantarki?

Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake harbawa daga nesa, wanda aka fi sani da sunan Taser. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Jack Cover ne ya fara ƙera shi a 1969, ya kammala a 1974. Kamfanin da ya yaɗa shi a duniya an kafa shi a 1993 a jihar Arizona, kuma tun 2017 sunansa Axon. Idan aka danna kunamar, iskar gas da aka matse takan cilla ƙananan kibau biyu masu ƙugiya, kowanne da siririyar waya a bayansa. Wayoyin sukan kai mita huɗu da rabi zuwa goma, gwargwadon irin harsashin. Da kibau sun kama fata ko tufa, sai lantarki ya bi ta tsakaninsu, naman jiki ya ƙage, mutum ya kasa sarrafa gaɓoɓinsa ya faɗi. A samfurin X26, wanda ya fi yaɗuwa shekaru da yawa, dannawa ɗaya tana sakin wuta na sakan biyar, tana bugawa kusan sau 19 a kowane sakan.

Na biyu shi ne wanda sai an manna shi a jiki, kamar sandar shokin da ƙananan na'urorin hannu. Ita ma Taser ana iya manna bakinta a jikin mutum ba tare da harba kibau ba. A wannan yanayi ba ta tsayar da mutum, azaba kawai take ba shi. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin muhawarar duka: na farko an yi shi ne don a tsayar da mai haɗari daga nesa, na biyu kuwa sai ga wanda ya riga ya zo hannu.

Akan ce ƙarfinta ya kai bolt 50,000, alhali wutar gidajenmu bolt 230 ce. Wannan adadi na tartsatsin farko ne da ke ratsa tufa. Abin da ke shiga jiki bai kai haka ba, kuma yawan wutar da ke gudana kaɗan ne ƙwarai, kusan kashi biyu cikin dubu na amfiya ɗaya idan aka daidaita. Shi ya sa mafi yawan waɗanda aka harba suke tashi da ƙafarsu.

Me bincike ya nuna game da lafiya?

Akwai hujja mai ƙarfi cewa ta fi harsashi sauƙi nesa ba kusa ba. Wani binciken likitoci na Jami'ar Wake Forest a Amurka, wanda aka buga a 2009, ya bi diddigin mutum 1,201 da 'yan sanda suka harba da ita. Fiye da kashi 99 cikin 100 ba su ji rauni ba ko kuma raunin ƙarami ne. Mutum uku ne suka ji mummunan rauni, biyu daga cikinsu sun bugu a ka ne wajen faɗuwa. A 2011 cibiyar bincike ta Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta ce haɗarin mutuwa kaɗan ne ga baligi mai lafiya idan wutar ba ta daɗe ba, amma ta ja kunne a kan maimaitawa ko wuce sakan 15.

Ɗaya ɓangaren kuma yana da nasa alƙaluman. A 2008 ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga mutum 334 da suka mutu a Amurka bayan an harbe su da Taser tsakanin 2001 da 2008. A 2017 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya tattara sama da mutum 1,000. Ba dukkansu ba ne wutar ta kashe kai tsaye, domin da yawa an haɗa musu da danniya ko duka, wasu kuma suna cikin maye ko rashin lafiya. Duk da haka, a rahoton binciken gawa 153 likitoci sun ambaci Taser a matsayin sanadi ko ɗaya daga cikin sanadan mutuwar. Reuters ta kuma gano cewa tara cikin goma na mamatan ba su riƙe da makami, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na fama da taɓin hankali ko ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa.

Batun zuciya ma ya tabbata. A 2009 kamfanin da kansa ya shawarci 'yan sanda su guji saita ƙirji. A 2012 likitan zuciya Douglas Zipes ya buga nazarin mutum takwas da suka suma bayan an harbe su a ƙirji, ya nuna cewa wutar na iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Saboda haka masana ba sa kiranta makamin da ba ya kisa. Sukan ce makami ne mai ƙarancin kisa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara, tsofaffi, mata masu juna biyu, ramammu, masu ciwon zuciya, masu farfaɗiya ko asma, da wanda ya sha ƙwaya ko ya galabaita da gudu da kokawa. Wuri ma yana da tasiri. Wanda aka harba ba ya iya kare kansa da hannu idan zai faɗi, don haka mutumin da ke kan bene, ko bakin ruwa, ko kan abin hawa, yana iya mutuwa da faɗuwar kawai. A Ostareliya a watan Mayun 2023, wani ɗan sanda ya harbi wata tsohuwa 'yar shekara 95 a gidan kula da tsofaffi, ta faɗi kanta ya fashe, ta rasu bayan mako guda. Kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba. Tartsatsin kuma yana iya kunna fetur. A gari irin Tamale, inda babur da keke mai ƙafa uku suka cika titi, waɗannan abubuwa biyu su ne farkon abin dubawa.

Shin 'yan sanda suna wuce gona da iri?

Kotuna da kwamitocin bincike sun tabbatar da hakan a wurare da dama. A ranar 14 ga Oktoban 2007, wani baƙo ɗan ƙasar Foland da bai iya Turanci ba ya rikice a filin jirgin saman Bankuba a Kanada, bayan ya shafe sa'o'i yana neman mahaifiyarsa. 'Yan sanda suka sakar masa wuta sau biyar, ya mutu a wurin. Kwamitin Braidwood ya yanke a 2010 cewa ba su da hujjar yin hakan.

A Ingila, a watan Agustan 2016, wani ɗan sanda ya riƙe kunamar Taser na sakan 33 a jikin Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan Aston Villa, sannan ya shure shi a ka. Atkinson ya rasu, kuma a 2021 aka yanke wa jami'in shekara takwas a kurkuku. A shekarar ce kuma hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales ta duba shari'o'i 101, ta nuna damuwa kan yadda ake yawan amfani da makamin a kan baƙaƙen fata da masu taɓin hankali. Akwai kuma kuskuren hannu: a Afrilun 2021 a jihar Minnesota ta Amurka, wata jami'a ta zaro bindigar harsashi tana zaton Taser ce, ta kashe wani matashi.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne, makamin da aka kawo don ya maye gurbin harsashi yakan koma yana maye gurbin magana da haƙuri. Jami'in da ba zai taɓa harbin mai gardama da bindiga ba, yana iya sakar masa wuta don ya san da wuya ta kashe shi. A ɗakin tsare mutane abin ya fi muni, domin shokin ba ya barin tabo mai yawa kamar bulala, sai 'yan ɗigo biyu a fata. A watan Nuwamban 2007 Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya gargaɗi ƙasar Fotugal cewa zafin da X26 ke haifarwa na iya zama nau'in azabtarwa. Dokar hana azabtarwa ta Nijeriya ta 2017 ita ma ta ambaci shokin ɗin lantarki ƙarara.

Abin da doka ta tanada

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi sun ce jami'i ya fara gwada hanyar lalama, kuma ƙarfin da zai yi amfani da shi ya dace da girman barazanar. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na majalisar ya fitar a 2020 ta ƙara fayyacewa: bindigar lantarki ta wanda ke shirin raunata wani ko kansa ce, ba ta wanda ya ƙi bin umarni kawai ba.

A nan Gana, sashe na 15 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, ko an kama shi ko ba a kama shi ba. Sashe na 14 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun cikin harshen da yake ji, a gaya masa yana da ikon ɗaukar lauya, a kuma kai shi kotu cikin sa'o'i 48 ko a sake shi. Gana ta amince da yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa a shekarar 2000. Mu ma a wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne, domin mafi yawan malaman fiƙihu ba sa karɓar iƙirarin da aka tatsa da azaba.

Sharuɗɗan da ya kamata mu nema

Idan za a ba jami'an da ke sintiri a unguwanninmu wannan makami, shugabannin zango da limamai da ƙungiyoyin ɗalibai su nemi a rubuta ƙa'ida a fili. Kada a ba kowa sai wanda ya samu horo. A yi gargaɗi kafin a harba. A guji ƙirji, fuska, wuya da al'aura. Kada a wuce sakan biyar sai an tsaya an duba, kuma jimilla kada ta haura sakan 15. A hana manna ta a jikin wanda aka sa wa ankwa, a hana shigar da ita ɗakin tambayoyi. Likita ya duba duk wanda aka harba. Taser tana ajiye rana da lokaci da tsawon kowace dannawa a cikinta, don haka a riƙa sauke wannan bayani, wata hukuma da ba ta 'yan sanda ba ta duba shi.

Idan abin ya faru a gabanmu

Jikin wanda aka harba ba ya riƙe wuta bayan an saki kunamar, taɓa shi ba ya cutarwa. A kwantar da shi ta gefe, kada a bari a danne masa baya ko wuya. Idan ya suma, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ya bugu a ka, a kira 112 ko a garzaya da shi asibiti mafi kusa, irin Asibitin Koyarwa na Tamale. Idan numfashi ya ɗauke, a fara danna ƙirji nan take. Kibiyar da ta shiga ido, fuska, wuya, nono ko al'aura, a bar wa likita ya cire.

Bayan haka a ɗauki hoton raunin a ranar, a karɓi takardar likita, a rubuta lokaci da wuri da sunayen shaidu. Ana kai ƙorafi sashen ladabtarwa na 'yan sanda, ko ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1993, wadda ke da ofishi a Tamale kuma ba ta karɓar kuɗi. Kada a yi jinkiri, domin tana iya ƙin sauraron ƙorafin da ya wuce wata 12. Matasanmu kuma su guji jifa ko kokawa da jami'i, don hakan kan ƙara gawa ne, ya kuma ɓata shari'ar mai gaskiya.

Bindigar lantarki tana iya ceton rai idan an ɗauke ta a inda da harsashi za a harba. Idan kuwa aka ɗauke ta a inda magana ta isa, zalunci ne, ko da wanda aka harba ya tashi da ƙafarsa. Allah ya kiyaye mu da jami'anmu baki ɗaya.